Girar Ajan Banlu

A shekarar da mahaifiyarsa ta fara ƙin abinci, Ajan Banlu, wato Malam Banlu, yana da damina talatin da ɗaya a cikin mayafin zuhudu, kuma a duk dazuzzukan da ke tsakanin garin Sakon Nakon da bakin kogin Mekong, kaɗan ne 'yan zuhudun da ba sa durƙusa masa. A tafarkin Buda da damina ake auna girma. Wanda ya riga ka ɗaukar mayafi, ko da da yini ɗaya ne, shi ne gaba a sahu, shi ake fara zuba wa abinci, kai kuma goshinka a ƙasa a gabansa, ko da ka haife shi. Wanda kuwa ya ajiye mayafi, daminarsa ta zube gaba ɗaya, in ya dawo daga ɗaya zai faro.

An haife shi a ƙauyen Don Kloi, a gidan manoman shinkafa. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, sai mahaifiyarsa, Me Buwala, ta riƙe shi tare da yayarsa Lamduwan da ɗan abin da gonarsu ke bayarwa, gonar da bana ruwa zai cinye, baɗi fari ya ƙone. Aikinsa tun tasowarsa kiwon ɓaunar noma. Da ya cika shekara ashirin ya ɗauki mayafi kamar kowane saurayi, da niyyar damina ɗaya, domin mahaifiyarsa ta sami lada, sannan ya dawo kafin girbi. Ana cikin haka wani tsohon ɗan zuhudu mazaunin daji ya kwana a gidan ibadar ƙauyen. Banlu ya ga yadda tsohon yake ajiye ƙafa in yana tafiya, kamar ƙasa ma abin girmamawa ce, da gari ya waye sai ya ɗauki kwanonsa ya bi shi. A wannan shekara Lamduwan da uwarta su kaɗai suka yi girbi.

Ya yi shekaru yana bin tsohon daga kogo zuwa kogo, zazzaɓin cizon sauro ya kusa kashe shi, ya yi halwa a maƙabartu, har ya ƙware a abin da aka koya masa: mutum ya zauna, ya lura da numfashinsa a bakin hanci, in tunani ya taso ya dube shi, ya kira shi da sunansa, kada ya kore shi, kada kuma ya ciyar da shi. Bayan rasuwar malamin nasa ya kafa gidan zuhudu a kan wani tudu, tafiyar rabin yini a mota daga Don Kloi. Tsananinsa ne ya fara fitar da sunansa. Sau ɗaya yake cin abinci, da hantsi, in rana ta raba tsaka ba abin da ke wuce maƙogwaronsa sai ruwa, kuma harshensa bai taɓa raga wa 'yan zuhudun birni masu dafa taliya da yamma ba. Daga baya mutanen Bankok suka fara zuwa cikin fararen kaya, likitoci da malaman jami'a da matan manya, su zauna a tabarma yana ce musu su kalla kawai, kada su yi wa zuciya kwalliya.

Sau ɗaya a shekara yake zuwa gida. Me Buwala takan durƙusa masa sau uku, ta ɗora abinci a kan ƙyallen da yake shimfiɗawa, tun da hannun mace ba ya taɓa na ɗan zuhudu, ko da ita ta haife shi. Yakan yi mata wa'azi kaɗan, ya sa albarka, ya tafi, yana jin daɗin yadda komai ya tafi bisa ƙa'ida. Lamduwan kuwa tana nan. Ta yi aure, mijin ya rasu, 'ya'yanta sun tafi neman aiki birni, ita ce da tsutsar siliki a ƙarƙashin gidansu da ke tsaye kan dirkoki, ita ce da tsohuwa a sama.

A tsakiyar daminar da ake magana, lokacin da 'yan zuhudu ke zaman wuri ɗaya har wata uku, Lamduwan ta zo da kanta a bayan a-kori-kura. Ta durƙusa a cikin masu fararen kaya da zanenta na gona, ta jira aka gama tambayoyi, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Tsufa ya ruɗa Inna. Kullum in ɓauna suka fara dawowa daga kiwo sai ta zauna a bakin tsani da kwandon shinkafa a cinya, ta ce ba za ta ci ba sai Kiyat ya dawo. Da safe ba ta da ƙarfin ci, da yamma kuma tana jira. Masu fararen kaya suka dubi juna, ba su san wane ne Kiyat ba. Sunan ɗan ƙaramin kwaɗon fadama ne, kuma da shi ake kiran Ajan Banlu har ranar da aka aske masa kai.

Doka ta yarda ɗan zuhudu ya bar wurin zamansa na 'yan kwanaki saboda ciwon iyaye, don haka ya tafi. Ya tarar da ita a bakin tsani kamar yadda aka faɗa, ta rame, amma tana iya sauka da hawa. Tana ganin mayafi ta zame daga tabarma ta durƙusa sau uku, sannan ta haɗa tafin hannuwanta ta tambayi mai girma ko a hanyarsa ya ga wani yaro da ɓauna mai karyayyen ƙaho.

Ya ce, “Ni ne, Inna. Ni ne Kiyat.”

Ta rufe baki tana dariyar kunya, ta ce wa Lamduwan ashe manyan malamai ma suna wasa da tsofaffi. Ya zauna ya yi mata bayanin yadda komai yake gushewa, yaro ya zama babba, babba ya zama tsoho. Ta saurara da ladabi har ya gama, ta yi godiya, ta mai da idonta kan hanyar gona. Shinkafar ta kwana a kwando.

Da safe Lamduwan ta same shi a ƙarƙashin gida, kusa da faifan tsutsotsinta. Ta durƙusa nesa kaɗan kamar yadda ya kamata.

“Ranka ya daɗe, da Ajan zan yi magana ko da ƙanena?”

“Duk ɗaya ne, Yaya.”

“Inna ba ta ce haka ba. Ka cire wannan zanen ka zo ka ci abinci da ita.”

Ya yi mata bayani a tsanake, da muryar da yake amsa tambayoyin mutanen birni. Ba ya yiwuwa ya sa kayan mutanen gari alhali yana ɗan zuhudu, wannan yaudara ce. Ba ya yiwuwa ya ci da yamma. In kuwa ajiye mayafin zai yi da gaske, to damina talatin da ɗaya ce za ta tafi, ya koma yana durƙusa wa yaran da shi ya koya musu ɗaura mayafi.

“Damina talatin da ɗaya,” in ji Lamduwan, tana zuba wa tsutsa ganye. “Ni ma na yi su, ranka ya daɗe. Nawa ne dai ba wanda ya ƙirga.”

Ya ce a bari damina ta fita, yana da ɗalibai a wuyansa. Ya ce a gwada madarar waken suya, a kuma nemi likita, yana da su da yawa cikin almajiransa. Ta ce to. Ba ta ɗago kai ba har ya hau mota.

Abin da ya faru bayan komawarsa ba wanda ya gani. Wata safiya yana kai da kawowa a 'yar hanyar da yake tafiyar nutsuwa a bayan bukkarsa, zuciyarsa a kwance, sai wani tunani ya taso a hankali, sarai, ba gargada: in ta mutu kafin damina ta fita, mayafina ya tsira. Ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Shekara talatin yana horar da idon da ke kallon zuciya, idon kuwa bai ci amanarsa ba, ya nuna masa abin yadda yake, har da ɗan sanyin daɗin da ya biyo bayansa. Ya nemi sunan da zai kira shi da shi kamar yadda yake koyarwa. Ya gwada tsoro, ya gwada kwaɗayi, ya gwada girman kai, kowanne ya yi wa abin kaɗan.

Da a ce ranar ya sauka daga tudun, da labarin ya yi sauƙin faɗa. Bai sauka ba. Ya ci gaba da hawa kujerar wa'azi kowace safiya, yana ce wa mutane su kalla kawai, yana jin muryarsa kamar ta wani. In ya ji ƙarar mota a gindin tudu sai gabansa ya faɗi, kuma ya san faɗuwar gaban iri biyu ce a cakuɗe. Likitan da ya tura ya je ya dawo, ya ce an ƙara mata ruwa, amma ruwa ba abinci ba ne. Haka ya zauna da abinsa har watan fitar damina ya kusa cika.

A jajibirin cikar wata 'yan zuhudu suke aski, kai da gira. Babban almajirinsa, Niran, ya kawo aska da ruwan ɗumi kamar kowane wata, shi kuma ya miƙa kai, ya rufe ido, aka aske. Washegari aka taru domin al'adar rufe damina, inda kowane ɗan zuhudu yake roƙon 'yan'uwansa su faɗa masa laifin da suka gani, ko suka ji, ko suka zarga. Da ya yi nasa roƙon ba wanda ya ce uffan, duk kawuna a sunkuye don girmamawa. Wannan shirun ya fi masa zagi ciwo. Da gari ya waye ya kira Niran da wasu dattawa biyu, ya durƙusa, ya furta kalmomin da ake furtawa, cewa ya ajiye horo, a ɗauke shi mutumin gari. Niran ya rasa da wane suna zai kira shi. Direban gidan zuhudun ne ya ara masa wando da riga.

A Don Kloi mutane suka rasa yadda za su yi da hannuwansu. Wasu suka fara haɗa su don gaisuwar girma, suka ga wando, suka sauke. Tit ake ce wa wanda ya taɓa zuhudu ya bari, kuma kafin ya kai ƙofar gida wani tsohon abokin kiwonsa ya ɗaga murya daga rumfar shayi, “Tit Banlu, sannu da saukowa. Wace mai sa'ar ce, 'yar Bankok ko ta kusa?” Aka yi dariya. Ya hau tsani yana tuntuɓe da ƙafar wando.

Me Buwala ba ta bakin tsani. Tana kwance a ciki, Lamduwan ta jingina ta da matashi ta yadda za ta riƙa hango hanya ta ƙofa. Ƙafafunta sun zama kamar sillen kara. Ya durƙusa kusa da ita, kusancin da bai yi ba tun yana saurayi, ya ce ga shi ya dawo. Ta daɗe tana dubansa, sannan ta jawo hannun 'yarta ta yi mata raɗa, raɗar kurma wadda kowa yake ji.

“Lamduwan, wannan ɗan zuhudu ne ya saci wandon mutane. Dubi fuskarsa kamar ƙwai. Ɗana mai gira ne, irin ta ubansa, kamar gizaka biyu.”

Lamduwan ta juyo ta dubi goshinsa.

“Yaushe ka yi aski?”

“Shekaranjiya.”

“Ka san za ka zo?”

“Na sani.”

Bai yi don wata manufa ba. Wata ya kusa cika, aka kawo aska, ya miƙa kai, kamar yadda mutum yake lumshe ido in iska ta taso. Ya shafa inda girar take, ya ji fata sumul. Gira ba ta fitowa a kwana biyu, kuma duk wanda ya dubi tsohuwar ya san ba ta da makonnin da za ta jira.

Lamduwan ta sauka madafa. Ta dawo da tukunyar da ake turara shinkafa, ta kankare baƙin gindinta a cikin murfi, ta ɗiga man alade, ta cuɗa da yatsa. Ta ce ya zauna ya ɗaga fuska. Da yatsanta ya taɓa goshinsa sai jikinsa ya janye da kansa, ta riƙe masa haɓa kamar yadda take yi in za ta wanke masa ido yana yaro, ta ce ya tsaya, ai yanzu ba mai girma ba ne. Ta ja layi biyu masu kauri, ta ja da baya ta duba, ta ƙara wa na hagu. Ta naɗa masa ƙyallen manoma a kai don ya rufe ƙwaryar, sannan ta ce ya je gidan maƙwabci ya ari ɓauna, ya zagaya ta fadama, ya shigo gari tare da masu kiwo. Ya tambaye ta a hankali ko wannan ba ƙarya ba ce za su yi wa Inna.

“Wane ɓangaren ne ƙaryar? Ba ɗanta ba ne kai?”

Haka mutanen Don Kloi suka ga malamin da likitoci suke durƙusa wa ya biyo hanyar gona da yamma, taɓo har gwiwa, yana jan ɓaunar da ba ta san shi ba, ita tana tirjewa, gumi yana narkar da baƙin tukunya yana gangaro masa gefen hanci. Mata suka fito bakin ƙofa. A rumfar shayi, wanda ya yi masa ba'a ɗazu ya sunkuyar da kai yana juya kofinsa. Banlu ya so ƙasa ta buɗe, kuma ya lura, domin lura ta zame masa jiki, cewa wannan kunyar mai sauƙi ce in aka gwada ta da wadda ya sauko da ita daga tudu.

Ya ɗaure ɓaunar a gindin tsani ya hau. Tun kafin kansa ya gama bayyana ya ji muryarta, siririya amma da faɗa a cikinta.

“Kiyat, ina ka tsaya tun ɗazu? Shinkafa ta huce. Dubi fuskarka, da wa ka yi kokawa?”

Ta sa hannu a kwando, ta murza loma, ta dangwala a daddawar kifi, ta tura masa a baki. Rana ta riga ta faɗi. Maƙogwaronsa ya ƙi, ya tilasta masa. Ta tsaya sai da ta ga ya haɗiye, ta ba shi ta biyu, sannan ta murza ƙarama ta kai bakinta. Lamduwan ta juya musu baya tana gyara abin da bai lalace ba.

Kowace yamma haka aka yi, har girarsa ta gaskiya ta fito aka daina kankare tukunya. Me Buwala ta ɗan yi ƙiba, ta ga girbin shekarar da na baɗinta, amma ba ta sake taka ƙasa ba. Lokacin da ya zo a tsakiyar damina da ƙafarta take sauka, lokacin da ya dawo sai a goye. Shi ne mai goyon, kullum da safe zuwa wanka, ƙafafunta suna lilo a gefensa, ba ranar da bai ji su ba. Ta rasu a farkon bazara, da rana, bayan ta ci mangwaro.

Ranar da suka tattaro ƙasusuwanta daga toka, bayan an ƙona gawar bisa al'adarsu, suna zaune su biyu a ƙarƙashin gida, ya gaya wa Lamduwan tunanin da ya zo masa a bayan bukka, kalma da kalma, bai rage komai ba. Ya zaci za ta tashi ta bar shi. Ta ci gaba da tsince ganye.

“Ni ma na yi wannan tunanin, Tit, ba sau ɗaya ba. Sai dai ni ina wanke ta nake yinsa.”

Ta ce in zai koma ya bari a gama dashen shinkafa, bayanta ba ya sunkuyo kamar da. Ya tsaya aka gama dashe, ya tsaya aka yi girbi, sannan ya hau tudu ya roƙi Niran, wanda yanzu shi ne shugaba, a sake ba shi mayafi. Wurin zamansa ya koma ƙarshen sahu, bayan samarin da suka zo yin damina ɗaya. Wannan bai dame shi ba kamar yadda ya zata. Abin da ya dame shi shi ne labarin ya bazu, an gyara shi, an cire makonnin da ya yi yana jira, har mutane suna zuwa musamman don su ga malamin da ya zubar da girmansa saboda uwa. In an fara yabon sai ya kafa ido a tabarma har a gama. Yakan koyar in Niran ya umarce shi, daga ƙasa, kuma maganarsa ta ragu ƙwarai.

A shekarunsa na ƙarshe wata mata ta zo daga Bankok cikin sababbin fararen kaya, da niyyar doguwar halwa. Ta ce ta ji labarinsa ne ya taɓa ta, domin ita ma mahaifinta ya ruɗe, ba ya gane kowa, abin ya hana ta barci, ta zo neman nutsuwa. Ya tambaye ta wa ke tare da tsohon yanzu. Ta ce ƙanwarta, ai ita ta saba, tun farko a hannunta yake. Ya tambaya ko motar da ta kawo ta ta tafi, ta ce direba yana ƙasa yana cin abinci.

“To ki yi sauri kafin ya gama.”

Matar ta ce ranka ya daɗe, ai ko zama ɗaya ba ta yi ba, kuma hutun nan da ƙyar ta same shi a wurin aiki. Ya ce ya sani, hutun ne ma ya sa ya ce ta koma, ta kai wa ƙanwarta shi, ta karɓe ta jinya. Ta durƙusa sau uku, fuskarta a ɗaure, ta ɗauki jakarta ta gangara.